Mai Alli da Jirgin Maman Biyu

Kullum safiya, kafin masunta su fara dawowa da kamunsu, Mai Alli ya riga ya buɗe rumfarsa da ke bakin ruwa ya ɗauki tsintsiya. Shara ce aikinsa na farko, kuma ba ya barin kowa ya yi masa ita. Sai ya share simintin nan tas, ya bi shi da tsumma, ya koma gefe ya duba ko akwai inda laima ta rage. Baƙo zai ɗauka tsabar son tsafta ne ke damun tsohon. To ba shi ba ne, don wanda ya ga rigar aikinsa ba zai zarge shi da wannan ba. Busasshen daɓen nan kayan aiki ne kamar guduma, za ku kuma ji dalili.

In ya gama, sai ya saƙala guntun alli a bayan kunne, allin da ya jawo masa sunan da ya danne nasa na gaskiya, ya zauna a kan tsohuwar taya ya sha shayinsa yana kallon ruwa. Shekara arba'in da ɗaya yana zaune a gefen ruwan nan, bai iya iyo ba. E, haka kuka ji. Mutumin da kusan duk jirgin kamun kifi na alminiyam da ke gaɓar nan ya bi ta hannunsa, in ya faɗa ruwan da ya wuce wuyansa sai dai wani ya tsamo shi. A ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma ba za mu bari ya sulale gida shiru ba tare da an faɗi abin da ya yi mana ba.

Wanda bai san jiragen nan ba, fallayen alminiyam ne aka harhaɗa da gajerun ƙusoshi masu kai, waɗanda ake kira ribit. Ana zura ƙusar a rami, mutum ɗaya ya daki kanta da guduma daga waje, wani kuma yana ciki ya tokare bakinta da dunƙulen ƙarfe har ya baje ya kama fallen gam. Aikin mutum biyu ne, ba yadda za a yi mutum ɗaya ya yi shi. Shekara talatin ke nan mai riƙe wa Mai Alli ƙarfen daga ciki matarsa ce, shi ya sa ba ya kiranta da komai sai Mai Ƙarfe. Ƙarar guduma ta cinye musu rabin ji su biyun, har maƙwabta kan ɗauka faɗa suke yi alhali hirar jikoki ce. A wurin aiki kuwa ba sa ɓata baki. In ta ƙwanƙwasa jikin jirgi sau ɗaya, a ƙara duka. In ta ƙwanƙwasa sau biyu, ya isa.

Idan aka kawo masa jirgi mai yoyo, ba ya tambayar mai shi inda ruwan ke shiga, don ya ce mai jirgi bai taɓa faɗin daidai ba. Sai a ɗora jirgin a kan tayoyi a tsakiyar rumfa, a ɗura masa ruwa da bokiti har ya kusa cika, shi kuma ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashi. Duk inda ɗigo ya sauka a busasshen simintin nan, sai ya ɗaga kai ya nemo ƙusar da ta zubar da shi ya zagaye ta da alli. Wani jirgin kan fito daga hannunsa da zobe biyar, wani da hamsin. Walda kuwa ba ya yarda ta taɓa tsohon falle. Akwai wani mai jirage uku da ya taɓa tsayawa a kansa yana cewa shi sauri yake yi, a ɗauko mai walda a gama yau. Mai Alli ya ce masa, «Wuta za ta toshe maka rami ɗaya ta tsaga maka biyu a gefensa. In ka matsu, ga hanya nan.» Mutumin ya tafi da fushi, bayan wata biyu ya dawo da jirgin a kan amalanke yana sunkuyar da kai. Tsohon dai ya ɗauko tsintsiya.

Amma abin da ya raba Mai Alli da sauran masu gyara ba a rumfa yake ba. Duk jirgin da ya gyara, shi ne ke fara shiga. Zai cire takalmi ya ajiye a gaɓa, ya zauna a tsakiyar jirgi ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasan fallen, mai jirgin ya tuƙa su har inda ruwa ya yi zurfi su dawo. Ya ce gwajin rumfa rabin gwaji ne, domin akwai ƙusar da ba ta nuna halinta sai ta ji nauyin mutum a sama da motsin ruwa a ƙasa, kuma ƙafa kan ji sanyin laima kafin ido ya gan ta. In ya sauko ya taka dakalin siminti da ke bakin ruwa ba a ga sawu ba, jirgi ya gyaru. Mai Ƙarfe ce ta kafa masa sharaɗin ɗaura jarkar da ba kowa a ciki a ƙugu, masunta kuwa ba sa gajiya da tsokanarsa a kan haka. Shi dai ba ya dariya a wannan lokacin, don tsoron ruwa yake yi ƙwarai, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Abin yana da asali. Tun yana saurayi, lokacin gyaran tukwane ne sana'arsa, wani masunci ya roƙe shi ya liƙe masa jirgi. Ya liƙe, ya buga ƙirji ya ce ya yi. Jirgin ya cika da ruwa a tsakiya, mutumin ya rasa ragarsa duka, da ƙyar ya fito da ransa. Da ya fito bai zage shi ba, cewa kawai ya yi, «Da kai za ka shiga, da haka za ka liƙe shi?» Wannan tambayar ce ta zaunar da Mai Alli a bakin ruwa har yau.

Kai ne, Baba, wanda ya ɗauki maganar da aka faɗa masa sau ɗaya ya riƙe ta shekara arba'in da ɗaya. Mu da yawa an faɗa mana irinta, kafin yamma mun manta.

Bana hannunsa na dama ya fara rawa. Tun yana ɓoyewa a aljihu har ya daina, ya sanar da mutane cewa ba zai ƙara karɓar sabon aiki ba. Sati biyu da faɗin haka sai ga Maman Biyu ta yi sallama a bakin rumfa. Matar marigayi Dogo ce, masuncin nan da ciwo ya ɗauke shekara uku da suka wuce ya bar ta da tagwaye mata. Tun rasuwarsa jirginsa ke kife a gindin bishiya a bayan gidansu, kaji sun mai da shi ɗakin kwana. Tare da ita akwai ƙanin mijinta, direban babbar mota, mutum mai son 'ya'yan ɗan'uwansa tsakani da Allah. Shi shawararsa a sayar wa mai gwangwan jirgin a narkar, ita kuma ta rufe gidan ta koma wurinsa da yaran, don ba zai iya barci ba in ya san matar yayansa na shiga ruwa a cikin rariya. Ita kuwa 'yar masunta ce, tun tana ƙarama take tuƙi, so take ta koma kamun kifi ta riƙe 'ya'yanta a gidan ubansu. Sun ja maganar har sun gaji, daga ƙarshe suka tsaya a kan abu ɗaya: in Mai Alli ya gyara jirgin ya shiga ya fito da busasshiyar ƙafa, a bar mata. In ƙafarsa ta jiƙe, jirgi ya tafi wurin mai gwangwan, ita kuma ta haɗa kayanta.

«Baba, na ji an ce ka daina,» in ji ta. «Amma ba ni da wani wurin zuwa.»

Mai Alli ya miƙa mata hannunsa ta ga yadda yake kaɗawa. «'Yata, kin ga abin da ya rage. Da wannan kike so a yi?»

«Da shi nake so.»

Ya juya ya kalli matarsa. Mai Ƙarfe ba ta kalle shi ba, ta dai tashi ta ɗauko dunƙulen ƙarfenta daga inda ta ajiye shi ta goge masa ƙura da gefen zani.

Da aka kawo jirgin aka wanke shi, tsohon ya daɗe yana girgiza kai. Dogo, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai son jirginsa, kuma son nan ne ya kusa kashe jirgin. Duk ƙusar da ta saki, sai ya cire ta ya ɗaura notin ƙarfe irin na keke, ya shafe da kwalta. Bai san cewa ƙarfe da alminiyam ba sa zama lafiya a cikin ruwa ba. Gefen kowane noti fallen ya ci, ya zama wani farin gari da ke zuba in an taɓa. Mai Alli ya cire noti talatin da takwas ya tara su a gwangwani, yana yi yana mita. «Dogo, Dogo. Rumfata ga ta nan kusa da gidanka, me na yi maka?» Maman Biyu ta yi dariya, karo na farko da aka ji dariyarta a wurin, ta ce ai kunyarsa yake ji, kada a ce bai iya kula da jirginsa ba.

Sati shida aka yi ana aikin, kullum tana zuwa bayan ta kai yara makaranta. Ita ta kankare kwalta, ita ta goge tsohon fenti da samfefa har hannunta ya yi kanta, in ta huta kuma ta tsaya tana kallon yadda yake riƙe guduma. Inda fallen ya ci sosai, ya yanka sabon guntu ya yi faci, ya jera ƙusoshi kusa da kusa. Aikin da dā yake gamawa kafin azahar yanzu yana kai shi la'asar, don sai ya jira hannun ya lafa kafin ya daka.

Da jikin jirgin ya haɗu, sai ya yi abin da ba a roƙe shi ba. Ya ce ta hau ta zauna, nan a kan tayoyi, ya ba ta filafili ya ce ta tuƙa kamar tana ruwa. Ƙafarta ba ta kai matokari ba, gwiwar hannunta na bugun gefen jirgi. «Wannan jirgin na dogon mutum ne,» in ji shi. «Ke kuwa ba a yi miki wannan zargin ba.» Ya zana inda diddigenta ya tsaya da alli, ya sauke bencin da taki ɗaya, ya matso da matokari. Ya tsaga tsohon tiyo ya lulluɓe bakin jirgin da shi don kada raga ta riƙa maƙalewa in tana ja ita kaɗai. Ya yi mata akwatin kifi a gaba don nauyi ya daidaita, ya cusa gorunan roba rufaffu a ƙarƙashin kowane benci ya toshe, ko da jirgin ya sha ruwa ba zai tafi ƙasa ba. A kusa da baya akwai wata lotsawa a ƙasan fallen, ya ɗaga guduma zai miƙar da ita, Maman Biyu ta riƙe masa hannu ta ce nan Dogo ke kafa diddigensa in yana jan raga. Ya bar ta yadda take, fenti ma zagaye ta ya yi.

Aka ɗura ruwa a rumfa, ya kwanta a ƙarƙashi tun safe har rana ta take. Siminti bai ga ɗigo ba.

Ranar da za a saka jirgin a ruwa gaɓa ta cika, don kowa ya san wannan ne na ƙarshe. Ƙanin miji ya zo, mai gwangwan ma ya turo kurarsa ta ɗaukar kaya ya tsaya daga gefe. Mai Ƙarfe ta ɗaura wa mijinta jarka ta ja igiyar har ya yi ƙara. Wani masunci ya ce, «Baba, yau dai ko sau ɗaya ka faɗa mu ga yadda jarkar ke aiki.» Aka yi dariya. Ya cire takalminsa ya jera su a kan dakali, ya shiga, Maman Biyu ta tura jirgi ta hau.

Sun yi nisa, muryoyin gaɓa sun ɓace, jirgin na tafiya sumul kamar ba shi ne kaji suka kwana a ciki ba. Sai ya ji wani ɗan sanyi a diddigensa na hagu. Ya ce a ransa ko gumi ne. Ya ɗaga ƙafar ya duba. Laima ce, ba ta fi girman ƙwandala ba, tana tsattsafowa daga gindin ƙusa ɗaya a bakin facin tsakiya. Ya gane ƙusar. Ranar da ya dake ta hannunsa ya goce, Mai Ƙarfe ta ƙwanƙwasa sau ɗaya, shi kuma gajiya ta sa ya ce mata ya isa haka.

Maman Biyu ta bi idonsa ta gani. Filafili ya tsaya a hannunta.

«Baba, ɗigo ne kawai,» ta ce a hankali. «Ka goge ƙafarka da zanina, kafin mu isa ta bushe. Gobe sai mu gyara, ba wanda zai sani. Ka rufa mini asiri, don Allah.»

Zuciyarsa ta karye, wannan shi da kansa ya faɗa daga baya. Ya san gidan da za a rufe, ya san tagwayen, ya ga hannunta da samfefa ta cinye. Kuma ba ƙarya ta yi ba, aikin minti biyar ne. Amma ya san in ya taka dakalin nan da ƙafar da aka goge, duk jiragen da ya taɓa shiga ya fito ya ce sun yi, maganarsa a kansu ta zama banza, har da nata.

«'Yata, ba zan ce wa ƙanin mijinki ya kwanta da kwanciyar hankali a kan ƙarya ba. Juya mu koma.»

Ta juya jirgin tana hawaye. Da suka iso ya sauko ya taka dakali, ya ɗaga ƙafa. Ga sawun diddige nan a jiƙe, kowa ya gani. Mai gwangwan ya fara gyara igiyar kurarsa. Mai Alli ya sa aka jawo jirgin tudu, ya zaro allinsa ya zagaye ƙusar, ya fuskanci ƙanin mijin.

«Wannan ba laifin jirgi ba ne, ba kuma nata ba ne. Nawa ne. Hannuna ne ya goce, aka ce in ƙara na ƙi. Sharaɗinku dai ya cika, ƙafata ta jiƙe. Sauran magana taka ce.»

Direban ya tsuguna ya daɗe yana kallon zoben allin. «Baba, da ka yi shiru, wa zai sani?»

«Ita za ta shiga gobe, ba ni ba.»

Mutumin ya miƙe ya share fuskarsa. «Ni tsoron da nake ji kada a ce mini ya yi alhali bai yi ba. Wanda ya dawo da jirgi saboda ɗigo ɗaya, in ya ce mini ya yi, na yarda. A gyara a sake.»

Aka cire ƙusar, aka zura sabuwa. Mai Alli ya ɗaga guduma, hannun ya ƙi tsayawa. Ya sauke, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa, mutane na kawar da kai don kada ya ga suna kallo. Sai ya juya ya miƙa wa Maman Biyu gudumar.

«Sati shida kina kallo. Daki.»

Ya karɓi dunƙulen ƙarfe daga hannun matarsa ya shiga cikin jirgin da kansa, ya tokare da hannu biyu da ƙirji. Mai Ƙarfe ta leƙo ta ce, «Yawwa. Shekara talatin ina cikin nan, yau ka ji abin da kunnena ke ji.» Maman Biyu ta daka. Aka ƙwanƙwasa sau ɗaya daga ciki. Ta ƙara, aka sake ƙwanƙwasa sau ɗaya. A na uku sai aka ji biyu.

Suka koma ruwa, wannan karon har gaba da inda suka kai da farko, shi ya ce ta ƙara nisa. Da suka dawo ya taka dakali da ƙafar dama, ya taka da ta hagu, ya matsa gefe. Siminti fari fat. Mai gwangwan ya juya kurarsa, shi ma yana murmushi. Maman Biyu ta durƙusa za ta yi godiya, sai tsohon ya zare allin daga bayan kunnensa ya soka mata a ɗankwali, ya ce gudumar ma ta riƙe, kada ya ƙara jin an ɗaura wa jirgin nan notin keke.

Yau sati uku ke nan tana fita kullum, gidan Dogo a buɗe, tagwaye na makarantarsu. Jiya ma an ga wani masunci ya kai mata jirginsa ta duba masa ƙusa biyu, Mai Ƙarfe na ciki tana riƙe mata.

Mai Alli, maganin yoyo. Kai ne ka ji tsoron ruwa shekara arba'in da ɗaya, kuma ba ranar da tsoron ya hana ka shiga don wani. Kai ne ka zaɓi ka ji kunya a gaban jama'a a aikinka na ƙarshe, da ka bar mace ta fita da ɗigo a ƙarƙashin ƙafarta. Ba a taɓa kiran sunanka a taro ba, ba ka da takardar yabo a bango, amma mazan da suka dawo gida lafiya saboda kai ba za su ƙirgu ba, matansu da 'ya'yansu sun sani. Muna haɗawa da Mai Ƙarfe a godiyar nan, don duk ƙusar da ka daka, ita ce a bayanta.

Ku kuma masu sana'a, makanike da birkila da mai haɗa wayar wuta da mai ba da magani, kafin ku ce wa mutum aikinsa ya yi, ku tambayi kanku ko za ku yarda ku fara shiga. In amsar ta yi muku nauyi a baki, ku koma ku ƙara duka.

Mun gode, Baba. Allah ya ba hannun nan lafiya, ya sa ka huta cikin jikokinka. Ka shiga na kowa, ka fito da kowa. Kwance jarkar nan, ka sa takalminka.